Tambayi Malaman Gona: Tsutsar Mangwaro, Baƙin Ganye da Ƙaron Lemo

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo na masu lambun itatuwa ne, kuma kukan tsutsar mangwaro ya fi yawa a cikinsu. Saboda haka muka ba shi fili mai faɗi, sauran tambayoyin kuma muka amsa su gwargwadon nauyinsu.

Assalamu alaikum, malamai. Ina da mangwaro gindi 60, yawanci Kent da Julie. Daga waje sai ka gan shi sumul, amma in an yanka sai a tarar da fararen tsutsotsi a ciki. Da ruwan farko ya sauka kuwa sai ya dinga zubowa. Bara na yi feshi sau uku ban ga canji ba. Wane magani ne ya fi ƙarfi? Daga mai lambu a Saminaka, Jihar Kaduna.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ko ka sayo maganin da ya fi kowanne ƙarfi a kasuwa, da wuya ya taɓa tsutsar nan, domin tana can cikin tsokar mangwaro, ɓawo ya rufe ta. Mai yi maka wannan ɓarna ƙuda ne, ɗan siriri, girmansa kusan na ƙudan gida, da ɗigon rawaya a gadon bayansa. Macen tana da tsinke a gindinta, da shi take huda ɓawo ta zuba ƙwai a ƙarƙashinsa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana ci, mangwaron ya ruɓe ya faɗo, ita kuma ta fito ta nutse cikin ƙasa, zurfin da bai kai tsawon yatsa ba. A nan take dunƙulewa ta zama kamar ƙwayar shinkafa mai ruwan ƙasa, bayan kwana 10 zuwa 12 sabon ƙuda ya fito. Wato cikin wata guda an yi zuri'a ɗaya, kuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 1,000 a rayuwarta.

Iri biyu ne suka fi damun mangwaro a Afirka ta Yamma. Akwai ɗan gida, wanda masana ke kira Ceratitis cosyra, shi ya fi yawa da rani. Akwai kuma baƙo, Bactrocera dorsalis, ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a gaɓar tekun Kenya a 2003, kafin 'yan shekaru ya bazu har yankinmu. Shi wannan baƙon laima yake so, shi ya sa ka ga ɓarna ta tashi da saukar ruwa. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, sun bi lambuna a arewacin Jamhuriyar Benin, suka ga asarar da ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba a farkon Afrilu tana kaiwa rabi ko fiye a watan Yuni. Nau'in da ke nuna a makare, irin su Kent da Keitt, su ne ke faɗawa tsakiyar wannan lokaci. Mai mangwaron da ke nuna da wuri sau da yawa ya sayar ya gama kafin ƙudan ya yi ƙarfi.

Abu na farko, wanda ba ya cin ko sisi amma aka fi sakaci da shi, shi ne tsince duk mangwaron da ya faɗo, sau biyu ko uku a mako, tun yana ɗanye ƙanana. Kada a tara shi a gefen lambu, wannan kiwon ƙuda ne. A zuba shi a baƙar leda mai kauri wadda ba ta huje ba, a ɗaure baki tam, a bar ta a rana kwana uku zuwa biyar, zafi zai kashe abin da ke ciki. Ko a haƙa rami a binne, ƙasar da za ta hau kansa ta kai aƙalla rabin mita a kuma daddanne ta. In ramin bai yi zurfi ba, ƙudan zai tono hanya ya fito. Wanda bai ruɓe sosai ba a ba dabbobi a ranar.

Na biyu tarkon namiji. Akwai wani sinadari mai ƙamshi, metil-yujinol, da namijin baƙon ƙudan ba ya iya jure masa, daga nesa yake biyo shi. Ana samunsa a shagunan kayan gona, wani a ruwa, wani an riga an jiƙa shi a guntun katako ko auduga tare da guba. Ka samu robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ka huda ƙofofi huɗu a kafaɗarta masu faɗin yatsa, ka rataye abin ƙamshin a ciki da waya daga murfi, ka zuba ɗan ruwan sabulu a gindi. A rataye ta a inuwar reshe, tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, a shafa man giris a wayar don kada tururuwa su shiga su kwashe abin da aka kama. Ana sabunta ƙamshin bayan mako shida zuwa takwas, da wuri in zafi ya tsananta. Ka lura da abu biyu: mace ba ta zuwa wannan tarko, kuma ɗan gidan nan da muka ambata bai damu da ƙamshin ba sam.

Na uku shi ne wanda ke kama macen. Kafin ƙwanta ya nuna sai ta ci abinci mai gina jiki, don haka ake haɗa irin wannan abinci da 'yar guba kaɗan a ajiye mata. Wanda aka fi gwadawa a yankinmu shi ne GF-120, wanda a ƙasashen renon Faransa ake sayarwa da sunan Success Appat, gubar da ke cikinsa kuwa spinosad ce. Lita ɗaya ake haɗawa da ruwa lita biyar, kuma wannan lita shida ita ce ta hekta guda cif. In tazararka mita 10 ce ko ta ina, gindi 100 ke nan a hekta, kowane gindi ya sami mililita 60, kimanin cokalin cin abinci huɗu. Ba wanke bishiya ake yi da shi ba. Ana zaɓar wuri ɗaya a jikin ganye, faɗinsa kamar mita ɗaya, a ɓangaren inuwa inda babu 'ya'ya, a kwance bakin famfo yadda zai fito da manyan ɗigo maimakon hazo. A fara mako shida zuwa takwas kafin tsinka, a maimaita duk kwana bakwai zuwa goma, a sake in ruwa mai ƙarfi ya wanke shi, a kuma riƙa sauya ɓangaren da ake fesawa don kada ganye ya ƙone. A gwajin da aka yi a lambunan Benin ɗin nan, wannan hanya ta rage tsutsa da fiye da kashi 80 cikin 100. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsinka shi da ruwa mai yawa don ya cika famfo, sai ƙamshin ya mutu, ƙuda ya wuce abinsa.

A ƙarshe, kada ka bar mangwaro ya nuna a bishiya. Da ya ƙosa, kafaɗunsa suka cika suka taso sama da inda sanda ta kama, a sauke shi.

Malamai, na rataye tarkon roba, kullum cike yake da ƙuda, amma har yanzu gwaibata tana tsutsa. Ko tarkon ne ke jawo mini su? Daga wata mai lambu a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.

Hajiya, tarkon yana jawo maza daga nesa, wannan gaskiya ne, amma namiji ba ya huda gwaiba. Cikar tarko tana gaya miki cewa ƙuda ya yi yawa a unguwar, kuma matan da aka riga aka yi wa barbara suna nan suna aikinsu. Rage maza ba ya tasiri sai an yi shi a fili mai faɗi, duk masu garka a jere sun rataye nasu a lokaci guda. Ƙudan ba ya tsayawa a shinge, kuma in mangwaro ya ƙare yana komawa kan gwaiba, lemo, gwanda da yazawa.

Gwaiba kuwa tana da sauƙin da mangwaro ba shi da shi, tun da hannu yana kaiwa. Ki sa wa 'ya'yan riga. Idan sun kai girman ƙwan kaza, suna kore shar da tauri, a zura kowanne a jakar takarda, a ɗaure bakin a jikin sanda. Ko tsohuwar jarida aka naɗe biyu aka ɗinke gefe ta isa a lokacin rani. In leda za a sa, a yanke kusurwoyin ƙasa don gumi ya tsiyaye, in ba haka ba gwaibar za ta dahu a ciki ta ruɓe. Wanda aka ga ɗigon huda a jikinsa kada a ɓata takarda a kansa, a cire shi.

Mangwarona yana yin fure kamar ba gobe, amma sai furen ya bushe ya kakkaɓe, 'ya'yan da suka kama ma su zube tun suna kamar gujiya. Me ke kawo haka? Daga Dadin Kowa, Jihar Gombe.

Malam, zubar fure da yawa ɗabi'ar mangwaro ce. Reshen fure ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan furanni, mafi yawansu maza ne da ba za su taɓa zama 'ya'ya ba, kuma abin da ke kaiwa girbi bai kai ɗaya cikin ɗari ba. In kowane reshen fure ya riƙe ɗa ɗaya ko biyu, bishiyar ta yi ƙoƙari. Matsala ita ce a ga sandar furen tsirara, babu ko ɗaya.

Ka duba furen da sassafe. In ka ga farin gari kamar an barbaɗa toka a jikin fure da sabon ganye, wannan farar funfuna ce, kuma ta fi son dare mai sanyi da raɓa da rana busasshiya, wato daidai lokacin hunturu da mangwaro ke fure. Maganinta farar wuta ta gona mai narkewa a ruwa, giram biyu a lita ɗaya, wato giram 30 a famfon goyo mai lita 15. A fesa lokacin da sandar fure ta fito amma bai buɗe ba, a sake bayan mako biyu, a sake in 'ya'ya sun kama. Da sanyin safiya ko yamma ake yi, domin farar wuta tana ƙona fure a cikin zafin rana.

Sai batun ruwa, inda masu lambun fadama suka fi kuskure. Babbar bishiya tana buƙatar ta sha ƙishi wata biyu zuwa uku kafin fure. In ana ta ba ta ruwa da takin yuriya a wannan lokaci, ganye za ta fitar maimakon fure. Amma da 'ya'ya suka kama, sai lissafi ya juya: ƙishi a makonni huɗu zuwa shida na farko shi ke zubar da su. A dawo da ban ruwa a hankali, a kai a kai, kada a bar ƙasa ta bushe ƙarau sannan a malale ta rana ɗaya.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba shi ne ƙudaje na gari da ƙudan zuma su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari fure yana buɗe, ya kashe masu yi masa aiki kyauta, kuma bana zai ga sanda babu 'ya'ya.

Ganyen mangwaro da lemon da ke gidanmu ya yi baƙi ƙirin kamar hayaƙi ya turnuƙe shi, ƙasa kuma tana danƙo. Ciwo ne? Daga Kumasi, Ghana.

Ka sa yatsa ka goge ganyen. In baƙin ya fita, koren ganye ya bayyana lafiya a ƙasa, to funfuna ce da ke tsiro a kan ruwan zaƙi, ba ta shiga jikin ganye ba. Illarta ita ce tare hasken rana, bishiya ta yi rauni, 'ya'ya su yi dauɗa. Mai zubo ruwan zaƙin yana bayan ganye: ka juya za ka ga wasu farare kamar auduga manne a jikin jijiya, ko wasu masu ɓawo kamar ƙananan ƙuraje, suna tsotsar ruwan bishiya.

Wannan farin ƙwaro na mangwaro yana da tarihi a yankinku. Daga Asiya ya shigo, aka fara ganinsa a Ghana da Togo a farkon shekarun 1980, ya yi wa mangwaro da lemo mummunar ɓarna har wasu suka sare bishiyoyinsu. Abin da ya karya lagonsa wasu ƙananan zanzaro ne da ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda masu bincike suka ɗauko daga Indiya suka fara saki a ƙarshen shekarun 1980. Suna zuba ƙwai a cikin jikinsa, ɗansu ya cinye shi daga ciki. Har yau suna nan a lambuna. Shi ya sa sau da yawa inda farin ƙwaron ya sake yin yawa, in aka bincika sai a tarar ana yawan feshin guba mai kashe kowa da kowa. Kakin da ke jikinsa yana kare shi daga magani, zanzaron kuwa ba shi da kariya.

Ga abin da za ka yi. A sare rassan da suka cunkushe a tsakiya don iska da rana su shiga, a ƙone waɗanda ƙwaron ya lulluɓe. A haɗa man girki kofi biyu da sabulun wanke kwano na ruwa rabin kofi, a girgiza har ya yi fari. Daga wannan haɗin ake ɗibar cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, a fesa bayan ganye da yamma, a maimaita bayan kwana bakwai zuwa goma. Man yana toshe masa hanyar numfashi ne, don haka sai ya jiƙe shi sosai. Kada a yi shi a tsakar rana, ko a kan bishiyar da ke jin ƙishi, ko cikin mako biyu zuwa uku da fesa farar wuta. Baƙar tururuwa da ke hawa da sauka kiwon ƙwaron take yi saboda zaƙin, tana kuma korar zanzaron. A naɗa leda a gindin bishiya a shafa giris a kan ledar, ba a jikin ɓawo ba.

Amma jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi gida a sama, wadda ake samu a wuraren da ke da laima, kada ka yi saurin ƙone ta duk da cizonta. Binciken da aka yi a Benin ya nuna bishiyar da take da yawa a kai tsutsar mangwaro ta fi ƙaranci, domin ƙudan yana gudun inda ta bi.

Gindin lemona yana tsattsafo da wani ruwa mai kauri kamar ƙaro, ɓawon wurin ya tsage, ganye yana rawaya ta ɓangare ɗaya. Biyu sun riga sun mutu. Daga Bagauda, Jihar Kano.

Ciwon ƙaro ke nan, kuma mai kawo shi yana zaune a cikin ƙasa, ruwa ne ke kai shi jikin gindi. Mafi yawan lokuta laifin daga dashe ne ko ban ruwa. Lemon aure yana da gaɓa inda aka haɗa uwa da ɗa. Uwar da ke ƙasa an zaɓe ta ne don juriya, ɗan da ke sama kuwa, musamman lemon zaƙi, ba ya jure wannan ciwo. Dole gaɓar ta kasance sama da ƙasa da aƙalla santimita 15 zuwa 20. In aka binne ta a dashe, ko aka tara ƙasa da taki a gindi daga baya, ko aka yi kwari ruwa yana kwana yana taɓa ɓawo, an buɗe wa ciwon ƙofa. Saran fartanya a gindi lokacin noma ma ƙofa ce.

Ka janye ƙasar da ke gindi har saiwoyin farko su kusa bayyana, wurin ya sha iska. Da wuƙa mai tsabta ka kankare ɓawon da ya mutu har ka shiga mai lafiya da kamar santimita biyu ko ta ina, ba tare da ka sassaƙe itacen ciki ba. Ka kwaɓa garin maganin funfuna mai sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar fenti, ka shafe raunin da gindin har tsayin rabin mita. A sake shafawa kafin damina da bayanta. A wanke wuƙar da ruwan bilic kafin a taɓa wata bishiyar. Ban ruwa kuma a mayar da shi zobe: a yi ɗan tudu a kewaye da gindi, ruwa ya tsaya a waje, daidai ƙarƙashin bakin rassa inda saiwoyin sha suke. Bishiyar da ciwon ya zagaye fiye da rabin gindinta da wuya ta dawo, gara a tumɓuke ta a bar ramin a buɗe ya sha rana kafin a sake dasawa. Tun da kana Bagauda, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, mai hedikwata a Ibadan, tana da reshe a nan kusa da kai. Ka tambaye su irin uwar da dashen da za ka saya yake kai kafin ka biya.

Kauci ya kama mini lemo da gwaiba. In na fizge shi sai ya dawo. Daga Keffi, Jihar Nasarawa.

Zai dawo, domin saiwarsa tana cikin reshen. Tsuntsaye ne ke cin 'ya'yansa su manna irin a jikin rassa. Reshen ake yankewa da zarto, kamar taƙi ɗaya ko biyu ƙasa da kumburin da ya kama, a duba bakin yankan a tabbata babu alamar saiwarsa, a shafa maganin kofa. A yi haka da ya fara jan furensa, lokacin da ya fi sauƙin gani, kafin ya yi 'ya'ya. Feshi ba ya yi masa komai.

Ina sauke mangwaro lafiya, amma kafin ya isa kasuwa sai baƙaƙen tabo su fito masa, su faɗaɗa su lotsa. Daga wani ɗan kasuwa a Gboko, Jihar Binuwai.

Tun a bishiya ya kamu, Alhaji. Funfunar da ke kawo wannan tabo tana shiga ɓawo lokacin ruwa tun mangwaron yana ɗanye, ta kwanta shiru sai ya fara nuna. Busassun rassa da tsofaffin sandunan fure su ne maɓoyarta, don haka a datse su bayan girbi a ƙone, a kuma yi feshin maganin kofa bisa ma'aunin da ke jikin kwali daga kamun 'ya'ya in damina ta riske su, a kiyaye kwanakin jira kafin tsinka.

Wanda aka riga aka sauke, ruwan zafi yana rage masa tabon ƙwarai: digiri 52 na ma'aunin Salshiyas, minti biyar, cikin kwana ɗaya da tsinka. Sai da ma'aunin zafi ake yin wannan, ba da hannu ba, domin in ya haura 55 ɓawo zai ƙone, in ya sauka ƙasa da 50 kuma wanka kawai aka yi masa. A riƙa motsa ruwan, kada a cika mangwaro da yawa lokaci guda ya sanyaya shi. A shanya a inuwa ya bushe sarai kafin a jera a kwando, kuma a tsinke shi da 'yar sandarsa don kada ƙaron ya zubo ya ƙona ɓawo.